Ramin da Aka Rufe da Raga

"Ba zan ba shi ba. Ko da kyamarar zinariya ya zo, ba zan ba shi ba."

Baffa ne ya faɗi haka game da auren Nas, yana zaune a kan kujerar roba a tsakar gidan ƙanensa. Shi ne yayan mahaifin Nas, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu jirage a tsibirin, don haka bai saba a mayar masa da magana ba.

Nas tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin Inna, ko farar rigar aikinta ba ta cire ba. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitin tsibirin, shi ya sa kowa ke kiranta da sunan aikinta. Babanta ne kawai yake ce mata Uwata.

Ta ce, "Baffa, laifin me Mai Hoto ya yi?"

"Laifin me? Dubi ƙafar ubanki, ki sake tambaya ta."

Baba yana kwance a ƙarƙashin rumfa, ƙafarsa ta dama a ɗaure daga gwiwa har idon sawu. Fuskarsa na kallon bango.

Ga yadda abin ya faro. Duk mai shiga tsibirin ko fita, ta gada ɗaya yake bi, wata doguwar gadar katako da ta miƙe daga gaɓa zuwa cikin teku, inda jirage ke tsayawa. Gadar ta tsufa. Kusa da ƙarshenta wani katako ya daɗe da faɗawa ruwa, ya bar rami, kowa ya san wurin, kowa yana tsallake shi.

Bara Mai Hoto ya zo, wata mujallar tafiye-tafiye ce ta aiko shi. Ya tarar da Baba zaune a ƙarshen gadar da sassafe yana ɗinkin ragar kamun kifi, ruwa ya cika, kwale-kwale masu launi suna lilo a bayansa. Ramin ne kawai ya ɓata masa tsari. Sai ya ce, "Baba, don Allah ɗan ja ragar nan ta rufe wurin." Baba ya ja. Aka ɗauki hoto.

Hoton nan ya zaga duniya. Baƙi masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, kowa da kyamara a wuya, kowa gadar nan da ragar nan yake nema. Mai Masauki, saurayin da ya gina ɗakunan kwanan baƙi a bakin gaɓa, ya sa ana shimfiɗa raga a kan ramin kowace safiya. Da wani katakon ya sake faɗawa a gefen na farko, ba a nemo kafinta ba. Raga aka ƙara.

Baba ya san ramin farko. Na biyun ne ba wanda ya gaya masa. Ya taho da kwandon kifi a ka, ya tsallake wanda ya sani, ya taka wanda bai sani ba.

Nas ta ce, "Shi ya fara rufewa, Baffa, ban musa ba. Ya rufe, ya ɗauki hotonsa, ya yaye da hannunsa. Wa ya ci gaba da rufewa kullum? Wa ya ƙara raga a kan sabon rami?"

Inna ta leƙo daga kicin. "Ke! Baffanki ne fa."

"Na sani, Inna. Shi ya sa nake gaya masa, don shi ne mai ikon gyarawa. Na je taronsu na roƙa, suka ce a bari bayan kakar baƙi. Kakar baƙi ta wuce, suka ce a bari a ga ta gaba."

Baffa ya yi murmushin da ya fi faɗa ciwo. "Karatu ya yi miki yawa, 'yar nan. Baƙi ba sabon katako suke zuwa gani ba. Sabon katako suna da shi a garinsu. Tsohon nan da kike rainawa, shi ke cika mana jirage."

"Shi kuma ke cika mini asibiti."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Mai Masauki ya yi magana tun kina makaranta, ɗan gida ne, mun san ubansa. In kin so shi, to. In ba ki so, ki zauna. Amma wancan mai leƙe-leƙen ƙarƙashin gada, a'a."

Nan ne gaskiyar maganar take. Ba ƙafar Baba ce ta hana Baffa barci ba. Labari ya kai masa cewa tun bayan faɗuwar, Mai Hoto yana shiga ƙarƙashin gadar in ruwa ya janye, yana ɗaukar abin da ke can.

*

Washegari da hantsi Mai Masauki ya shigo asibiti, ƙamshin turarensa ya riga shi. Ya zauna a bencin marasa lafiya ya dafe goshi.

"Nas, kaina ke sarawa."

"Jiya bayanka, shekaranjiya cikinka, yau kai. Gobe me ya rage?"

"Zuciya. Ita ce babbar cutar, ke kika ƙi dubawa."

Ba ta yi dariya ba. Tana wanke tafin ƙafar wata mai sayar da busasshen kifi, wadda ƙusar gadar ta huda. Matar ta ciji leɓe, ta ce, "Ranka ya daɗe, in zuciyar ce ka bi layi, mu masu ƙafa mun riga ka."

Da matar ta ɗingisa ta fita, ya matso. "Ki dubi asibitin nan, ko rumfar jira babu. Ki ce eh kawai, in sa a yi miki rumfa, a yi fenti ciki da waje."

"Waje dai. Kai da ka sa aka fente gidajen bakin gaɓa ta fuskar da ke kallon ruwa, aka bar bayansu na zuba."

"Baƙo ta gaba yake kallo."

"In kana son ka burge ni, ka buga katako a gadar."

"In na buga, me zan nuna musu? Ke fa ba ki san kasuwa ba." Ya miƙe, ciwon kai ya warke. A bakin ƙofa ya juyo. "Af, na manta. Baffa ya kira mutumin naki da safen nan. Ki tambaye shi amsar da ya bayar. Sai ki san ko ni kaɗai ne mai kallon gaba."

Almakashin da ke hannunta ya faɗi cikin kwanon ƙarfe.

*

Ta san inda za ta same shi. Da azahar ruwa ya janye, ta cire takalmi, ta bi ta cikin laka har ƙarƙashin gadar.

Wurin da ba a taɓa bugawa a mujalla ba ke nan. Ƙafafun gadar duk sun cinye, tsutsar ruwa ta rarake su, wasu sun sirance a tsakiya kamar tsintsiyar hannu. Wata ƙafar ma ba ta taɓa ƙasa, a rataye take. Ta sama, hasken rana na ratsowa ta idanun ragar da aka rufe ramukan.

Mai Hoto yana zaune a kan wani dutse, kyamarar a cinyarsa, ba ya ɗaukar komai.

Ta ce, "Me Baffa ya ce maka?"

Bai yi kwana-kwana ba. "Ya ce gobe in ruwa ya janye in zo kan gada, in goge hotunan nan duka a gaban 'yan ƙungiya. In na goge, in turo manyana."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce zan yi tunani."

"Tunani!" Muryarta ta bugi katakon sama ta dawo. "Tunanin me? Ni na ɗora ƙafar nan. Da kunnena na ji ƙashi na gogar ƙashi. Baba da ko allura bai taɓa yi wa ƙara ba, ranar ya kira sunan uwarsa."

"Na sani, Nas."

"Ba ka sani ba! Duk ranar da zan tura mai naƙuda babban asibiti, ni nake wucewa gaban masu ɗaukarta ina cewa ku taka nan, kada ku taka can. Mace na kuka a kan gado, maza na rawar ƙafa, ni kuma ina addu'a kada a ce an ƙara raga a inda ban sani ba. Wannan ne za ka yi tunani a kansa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta goge da bayan hannu, laka ta ɓata mata kunci.

Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Ki saurare ni ko kaɗan. Na nuna wa editanmu hotunan. Ya ce mujallar tafiye-tafiye ce, ba sa buga karyayyar ƙafa. In na fitar da su da kaina, hukuma za ta iya rufe gadar, baƙi su ɗauke ƙafa. Matar da na gani ɗazu ta ɗingiso daga asibitinki, baƙin nan ne ke sayen kifinta. Masu saƙa kwanduna, masu tuƙa kwale-kwale, duk su suke jira. Ni na jawo su, yanzu kuma ni zan kore su? Kullum na ɗaga kyamara a garin nan sai wani ya ji ciwo."

"Ba kyamararka ce ta karya Baba ba. Shirunmu ne."

"Kuma ina son ki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan ma laifi ne? An ce mini ga hanya, in danna wuri ɗaya a ba ni ke. Ki ce kada zuciyata ta ko girgiza?"

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ga ramar da ya yi, ta ga wuyan rigarsa da gishirin teku ya cinye. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta sassauta ba.

"To bari in gaya maka tun yanzu. In ka goge, Baffa zai ba ka ni, amma ni ba zan je ba. Ba zan zauna gida ɗaya da wanda ya rufe ramin nan karo na biyu ba."

"In kuma ban goge ba, ba za a ba ni ba."

"Haka ne."

"To ina zan sa kaina, Nas?"

"Wallahi ban sani ba." Kuka ya ƙwace mata sosai. "Da na sani da na gaya maka. Kai kaɗai nake so, ko Baffa ya sani, ko Mai Masauki ya sani. Amma ban iya son da za a shimfiɗa masa raga a kai ba."

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar ƙafafunsu. Ta juya ta tafi, ba ta waiwaya ba.

*

Da la'asar tana sake wa Baba ɗauri, ya yi magana, karon farko tun zuwan Baffa.

"Uwata, kin yi kuka."

"Iska ce, Baba."

"Iskar ƙarƙashin gada?"

Ta gyara ɗaurin. Can ta ce, "Ka san yadda ƙasanta yake?"

"Na sani. Kowa ya sani. Wanda duk ya taɓa ɗaure kwale-kwale a jikinta ya sani."

"To me ya sa kuka yi shiru?"

"Yayana ne. Shi ya koya mini jefa raga. Tun muna yara in ya ce a bari, sai a bari." Ya gyara kwanciya, ya yamutsa fuska don zafi. "Shi yaron, ya ce zai goge?"

"Ya ce zai yi tunani."

Baba ya jinjina kai. "Ya fi mu. Mu ko tunanin ba mu yi ba."

Inna da ke tsintar shinkafa a gefe ta ajiye faranti, ta dube shi. Shi ma ya dube ta.

*

Washegari ruwa na janyewa, 'yan ƙungiya suka hallara a kan gadar. Baffa na tsaye can kusa da ƙarshe, gefen ragar, Mai Masauki a damansa. Wasu baƙi na bakin gaɓa da kyamarorinsu, sun ɗauka wani biki za a yi. Nas ta rufe asibiti ta zo, ta tsaya nesa kaɗan, hannunta a aljihun farar riga.

Mai Hoto ya iso, ya durƙusa ya gaida Baffa.

Baffa ya ce, "To, ɗan samari, ka gama tunanin?"

"Na gama, Baffa. Ka yi haƙuri, ba zan goge ba."

'Yan ƙungiya suka dubi juna.

Ya ci gaba, "Akwai wanda na cire, amma ba su ba. Na farkon nan, na Baba da raga, shi na sauke daga shafina, na kuma roƙi mujalla ta daina buga shi. Shi ne na ƙarya. Waɗannan ba ƙarya a cikinsu. Ba zan fitar da su yau ba, ba zan fitar gobe ba, in dai za a fara gyara. In aka gyara, ni zan ɗauki sabuwar gadar yadda baƙi za su so zuwa, wannan aikina ne, na iya shi. Amma gogewa, a'a."

Mai Masauki ya yi dariya. "Kun ji ko? Baƙo yana gindaya mana sharaɗi a garinmu."

Baffa ya ce, "Jirgin yamma yana nan. Ka haɗa kayanka. Maganar 'yarmu kuma ka cire ta daga ranka."

Nas ta runtse ido. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata. Ya yi abin da ta nema, kuma ta rasa shi ke nan.

Sai aka ji ƙarar taya a kan katako, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Inna ce take turo baron da ake ɗaukar kifi, ta ɗaure ɗankwali tamau, gumi na zuba. Baba na zaune a ciki, ɗaurarriyar ƙafar a miƙe ta gaba, sandarsa a hannu.

Nas ta ruga. "Inna! Za ku faɗa!"

"To wuce gaba ki nuna mana, ba aikinki ba ne? Mutumin nan nauyi gare shi kamar an jiƙa shi."

Nas ta wuce gaba tana nuna inda taya za ta bi. Mutane suka dare. A bakin ragar Baba ya ce a tsaya. Ya miƙa sanda, ya maƙalo ragar, ya ja ta gefe. Ramuka biyu suka buɗe baki, ana hango baƙar laka da ruɓaɓɓun ƙafafu a ƙasa.

Ya dubi Mai Hoto. "Wancan karon kai ka ce in rufe, na rufe. Yau ni na ce ka ɗauka. Ka haɗa da ƙafar."

Mai Hoto ya ɗaga kyamara, ya ɗauka.

Baffa ya daka tsawa. "Kai! A gabana? Ni ne babba ko kai?"

"Kai ne babba, Yaya. Kai za ka ba da ita, ban ƙwace maka ba, ba kuma zan ƙwace ba. Amma ni na haife ta, ga wanda nake so a ba." Ya nuna Mai Hoto da sanda. "Sai dai manyansa tsofaffi ne, ta gadar nan za su shigo. Ba zan karɓi baƙin 'yata a kan raga ba. Ranar da aka buga katako, ranar za su zo."

"In na hana a buga fa?"

"Sai ta zauna a gida. Duk wanda ya tambaye ni me ya hana Nas aure, in turo shi wurinka."

Wani tsoho cikin 'yan ƙungiya ya yi tari don ya ɓoye dariya. Wani ya ce a hankali, "Akwai ragowar katako a wurin masu gyaran jirgi." Mai Masauki ya dubi fuskokin mutane, ya ja da baya.

Ran Baffa ya ɓaci. Ya tattare rigarsa, ya juya a fusace zai bar wurin. Baro ya tare hanyar da aka saba bi, sai ya ratse ta gefen ramin, ya sauke ƙafa da ƙarfi.

Katakon ya yi ƙara, ƙas! Ya lotsa.

"Baffa, tsaya! Kada ka motsa!"

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a kan katakon da ya tsage, ɗayar a sama. Hularsa ta zame, ta bi ta ramin, ta faɗa cikin laka. A bakin gaɓa baƙi suka ɗaga kyamarori gaba ɗaya.

Mai Hoto shi ya fi kowa kusa, kuma shi ya fi kowa sanin irin hoton da ke gabansa. Ya sauke kyamararsa, ya ajiye ta a kan ragar, ya matsa ya tsaya tsakanin Baffa da gaɓa, ya ba baƙin baya, ya kare shi da jikinsa.

Baffa ya gani. Ya dubi kyamarar da ke ajiye, ya dubi yaron, ya dubi ramin.

Nas ta taka inda ta sani, ta miƙa masa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun. Katakon ya sake yin ƙara a ƙarƙashinsa.

Ya kama. Bai yarda sun haɗa ido ba, murya ƙasa-ƙasa ya ce:

"To, 'yar nan. Ina zan taka?"